Asusu ko Aljihu: Gardamar Miji da Mata a Ƙasar Roni

A ƙasar Roni kuɗi lokaci gare su. Manomi yana ganin su da kaka, in ya kai wake da riɗi da gyaɗa kasuwa. Mai lambu yana ganin su da rani, in tumatir da albasa sun yi. Malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma suna kasa kunne ga waya a ƙarshen wata, matar ɗan ci-rani kuwa tana aika yaro wurin mai POS duk sa'ad da maigidan ya bugo daga Abuja ko Legas ya ce ya turo. Buƙata ce ba ta da lokaci. Zazzaɓin yaro, haihuwar ƙanwa, rasuwa a Amaryawa, ɗaurin aure a Kazaure, babu wanda ke tambaya ko an yi kaka. Shi ya sa duk ranar da kuɗi suka shigo gida akwai maganar da miji da mata kan yi, ko da baki ko da fuska: bayan an fitar da na hatsi da na cefane, abin da ya saura nawa za a ajiye, nawa kuma kowa zai riƙe ya yi sha'anin gabansa ba tare da an ce masa "ina ka kai su" ba?

Ci da sha da sutura da wurin kwana wajibi ne a kan miji, malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba, kuma ba a nan ake ja-in-ja ba. Ana yin ta ne a kan ɗan ragowar: kuɗin man babur da shayi da goro da katin waya na maigida, da kuɗin man shafawa da lalle da anko da gudummawar biki na uwargida. Wasu na ganin a matse waɗannan iya matsewa a zuba a ajiya. Wasu na ganin gidan da aka hana kowa ɗan abin kashewa, komai ajiyarsa, zaman cikinsa ba zai yi daɗi ba.

Maganar tsohuwa ce, amma ta ƙara zafi tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta kayan abinci ma ta zarta kashi 40 a tsakiyar shekarar. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, Gwamna Umar Namadi kuma ya amince da hakan a Jigawa, sai dai galibin mutanen Roni da Gwiwa da Babura ba albashi suke ɗauka ba. Ragowar ta ƙanƙance, gardamar rabonta ta girma.

Abin da masu tanadi ke cewa

Hujjarsu ta farko daga rumbu suka ɗauko ta. Kowane manomi ya san yadda shekara take juyawa. Da kaka hatsi yakan yi araha domin kowa na kai nasa kasuwa lokaci guda. Ruwa na sauka rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya tashi, kuma a daidai lokacin ake neman kuɗin taki da na feshi da na 'yan ƙwadago. Gidan da ya sayar da dammuna da kaka don a ɗinka sababbin kaya a sauya waya, shi ne zai koma awo da kwano a Yuli da Agusta, da tsada, wani lokaci da bashi. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta bayyana wannan a littafinta na 1972: talakan manomi yana sayarwa da araha, yana saye da tsada, sannan yunwa ta sa ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani a tsakiyar noma, amfaninsa na baɗi ya sake raguwa. Sama da shekara 50 ke nan, amma wanda ya zaga Zugai ko Gora da damina zai ga har yau akwai gidajen da ba su fita daga wannan tarko ba. Masu tanadi na cewa mafita ɗaya ce, a kame hannu da kaka.

Ta biyu, rashin lafiya. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, sai an nemi mota zuwa Kazaure, in abin ya faskara a wuce Kano. Mota kuɗi, jini kuɗi, magani kuɗi, abincin mai jinya kuɗi. Gidan da ke da ajiya yakan taɓa ta ya wuce wurin. Wanda ba shi da ita yakan sayar da akuya a wulaƙance, domin mai saye ya ga matsuwa a fuskarsa, ko ya jinginar da gona, kuma kowa ya san gonar da ta shiga jingina ba kasafai take dawowa da wuri ba.

Ta uku ita ce ta fi sosa wa magidanta rai, domin lissafi ne da ba ya ƙarya. A ce mutum yana kashe naira 500 kacal a rana wajen mai shayi da goro da data. A wata naira 15,000 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashin naira 70,000. A shekara naira 180,000. Bai taɓa riƙe kuɗin a dunƙule ba, shi ya sa bai taɓa jin zafin fitarsu ba. Haka ma uwargida: anko a wannan wata, gudummawar suna a wancan, kuɗin mota zuwa biki a Ɗambatta, sabon mayafi domin an riga an gan ta da tsohon. Masu tanadi na cewa babban abu ba ya karya gida sai jefi-jefi, ƙananan nan na kullum su ke cinye shi.

Suna kuma da madogara a addini. Suna kawo labarin Annabi Yusuf, da ya ba da shawara a adana amfanin shekara bakwai na yalwa a zangarniyarsa don shekara bakwai na fari. Suna kawo abin da ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda. Saboda haka, in ji su, wanda ya ce ajiya rashin tawakkali ce bai fahimci tawakkali ba, kuma don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Amsar masu cewa a bar wa kowa nasa

Waɗannan ba su musa ko ɗaya daga cikin hujjojin can ba. Abin da suke tambaya shi ne, in an tashi kame hannu, hannun wa ake kamewa?

A gidaje da yawa, in maigida ya ce "daga yau za mu yi tattali", ɗakin matarsa ake fara shiga. Ita za ta daina anko, ita za ta rage sabulu, ita za ta ba da haƙuri a gidan biki. Shi kuwa kuɗin suna aljihunsa, yana fita da su da safe yana dawowa da dare, babu mai ƙirga masa abin da ya ci a tasha ko a bakin kasuwa. Matar da sai ta ce "Malam, a taimaka mini da na man shafawa" kowane mako, ta tsaya tana jira a yi mata tambayoyi, wani abu yana raguwa a zuciyarta wanda ajiya ba za ta mayar ba. Kuma irin wannan matsi shi ke haifar da abin da ake kuka da shi daga baya: a rage kuɗin cefane a ɓoye, a ɗebi gero a sayar ta hannun yara, a ci bashin maƙwabciya maigida bai sani ba. Masu wannan ra'ayi suna tunatar da labarin Hindu matar Abu Sufyan, da ta kai kuka cewa mijinta mai maƙo ne ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, Manzon Allah (SAW) ya yi mata izini ta ɗauki abin da zai wadatar da su gwargwadon abin da aka sani. Addinin da ya hana almubazzaranci shi ne kuma ya hana ƙwauro, ya yabi masu tsayawa tsaka-tsaki.

Hujjarsu ta biyu ta fi zurfi, kuma ina ganin maza da yawa ba su ba ta haƙƙinta ba. Abin da maigida ke kira ɓarnar biki, a wurin mace ajiya ce. Duk naira 2,000 da ta kai wa ƙawarta ranar suna, an san da ita, wata ma a rubuce take a littafi, kuma ranar da tata hidimar ta taso za a mayar mata, sau da yawa da ƙari. Da wannan gudummawa mata ke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu da gara, nauyin da in ba don haka ba kan maigidan zai faɗo gaba ɗaya. Matar da ta janye ƙafa daga bukukuwan dangi shekara biyu ta san ranar auren 'yarta tsakar gidanta zai yi fayau. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuma tana buƙatar kuɗin mota. Haka zancen yake ga namiji da majalisarsa. A nan yake jin inda ake neman magini, da wanda zai sayar da sa, da yadda riɗi ya kwana a kasuwa. Wanda bai taɓa saya wa kowa shayi ba, ranar da babur ɗinsa ya lalace shi kaɗai zai tura. Katin waya ma da ake gani kamar shagala, da shi ɗan ci-rani ke jin lafiyar gidansa, da shi mai awara da ƙuli-ƙuli ke karɓar saƙon masu saye.

Ta uku, suna cewa a 'yan shekarun nan mai ajiyar kuɗi shi ya fi kowa asara. In farashi ya tashi da kashi 34.8 a shekara, naira 100,000 da aka rufe a asusu, ranar da aka fasa abin da za ta saya bai wuce na kusan naira 74,000 na bara ba. Kujerar Hajji da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025, wato dattijon da ya daɗe yana tarawa ya wayi gari abin da yake nufa ya yi masa nisa fiye da ranar da ya fara. Ba a manta da canjin kuɗi na farkon 2023 ba, lokacin da masu ɓoyon tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙauyuka suka shiga ruɗani, masu kuɗi a banki kuma suka kasa cire nasu sai da layi da lada mai tsada, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Ga wanda ya ga duk wannan da idonsa, in ya ce gara ya saya wa matarsa atamfa yau da ya ajiye takardar da gobe ba za ta sayi rabin atamfar ba, bai yi maganar wauta ba.

Masu tanadi sun sake magana

Suka ce, ai wa ya ce a ajiye takarda? Bahaushe bai taɓa dogara da takarda ba. Ajiyarsa tunkiya ce da akuya, da ɗan maraƙin da ake turkewa bayan kaka a sayar gab da Babbar Sallah, da buhun wake da aka yi wa magani aka jingine, da fili a gefen gari, da 'yan kunnen zinare. Waɗannan in farashi ya tashi tare suke tashi. Akuya ma haihuwa take yi. Kasuwar dabbobi ta Maigatari tana ci kowace Alhamis, kuma mai dabba ko a ƙaramar kasuwa ba ya rasa mai saye. Hauhawar farashi hujja ce ta sauya irin ajiya, in ji su, ba ta isa hujjar daina ta ba.

Game da biki kuwa, sun yarda ajiya ce, amma suka ce ita ma hauhawar farashin tana cin ta. Wadda ta kai naira 2,000 a 2021 aka mayar mata da 3,000 a 2025 ta karɓi abin da bai kai nata ba. Sannan ajiya ce da ba a iya cirewa sai ranar hidima. Ranar da yaro ya kwanta ciwo babu mai kawo gudummawar biki, sai ɗan abin dubiya. Kuma anko ba ya dawowa ko kaɗan: atamfa ce aka tilasta wa mutum saye a lokacin da bai zaɓa ba, a farashin da bai zaɓa ba. A nan ina ganin sun faɗi gaskiya, domin mata da kansu suna kuka da anko, kunya ce kawai ke hana su ƙi.

Ɗaya ɓangaren bai bar wannan ta wuce haka nan ba. Dabba tana mutuwa, ana kuma sace ta, dussa da harawa ba kyauta ake ba da su ba. Hatsi ma ya ba da mamaki a 2025, lokacin da farashin masara da gero da shinkafa ya faɗi ƙwarai, waɗanda suka tara buhuna da kakar 2024 suna jiran tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Babu ajiyar da ba ta da ƙofar asara.

Ajiyar da sunan wa?

Akwai wata magana da mata ke yi a tsakaninsu, maza kuma ba su cika son jin ta ba: "In taya shi tari, ya je ya ƙaro mini kishiya da su?" A ganina duk gardamar a nan ta taru, kuma duk mai ba ma'aurata shawara a ƙasar Hausa da ya tsallake wannan tambaya bai fara ba tukuna.

A tsarinmu dukiyar miji daban, ta mata daban. Sadakinta nata ne, ribar sana'arta tata ce, gadonta nata ne, kuma ba dole ba ne ta ciyar da gida da su. Malaman Malikiyya sun ba miji damar hana ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta, amma ko su ba su ce dukiyar ta zama tasa ba. To in mace ta haƙura da anko da man shafawa shekara biyar aka tara aka sayi fili, filin da sunan wa? Kusan kullum da sunan maigida. In zama ya ƙare ya sake ta, kayan ɗakinta kawai za ta kwasa. In ya rasu ya bar 'ya'ya, kashi ɗaya cikin takwas ne rabon matan aure, in su biyu ne ko uku su raba wannan tumunin a tsakaninsu. In ta je gaban alƙali ta ce da guminta a ginin nan, hujja zai nema, kuma haƙurin da aka yi da sabulu ba ya da shaida. Don haka in mace ta dage a ba ta nata a hannu, ta zuba adashi da shi, ta sayi 'yar tunkiya ta kai gidansu a kiwata mata, ta jera kwanuka da tangaran a kabad, ba ƙin tanadi take yi ba. Tana tanadi ne a inda ta tabbata nata ne.

Maza na da tasu amsar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ajiyar maigida ita ake taɓawa ranar ciwo, ita ake sayen taki da ragon suna, ita ake biyan kuɗin makarantar yaro in ya samu shiga kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ajiyar mace kuwa in ta ga dama ta taimaka, in ba ta ga dama ba babu mai tilasta ta. Wani zai ce maka, ni kaɗai shari'a ta ɗora wa nauyi, amma in na ce a rage kashewa don in iya ɗaukar nauyin sai a kira ni marowaci. Akwai kuma gidajen da matar ke da awaki goma a ɗaure, maigidan yana yawon neman rancen kuɗin magani. Wannan ma yana faruwa, kuma yana ci wa maza rai ƙwarai.

In aka tankaɗe

Abin da ya fara faɗowa daga rariya shi ne neman adadi guda da zai dace da kowa. Masu karatu a waya suna yawo da wani tsari da ya shahara a Amurka, na kashi 50 ga buƙatun dole, 30 ga sha'awa, 20 ga ajiya. An gina shi a kan albashin wata-wata da aljihu guda na miji da mata. A Nijeriya binciken Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya nuna abinci kaɗai yana cin fiye da kashi 56 na abin da gidaje ke kashewa, tun kafin tsadar nan, kuma Jigawa tana cikin jihohin da rahoton talauci na 2022 ya nuna sun fi jin jiki. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara lissafin dami da buhu zai yi: nawa za su kai gidan zuwa sabon gero, nawa na iri da taki, nawa na ko-ta-kwana. Sai bayan wannan ake maganar ragowa.

A kan jerin abin da za a fara cirewa, masu tanadi sun fi hujja. Ajiyar da aka ce sai abin da ya rage bayan kashewa ba ta taɓa samuwa, domin kashewa ba ta barin saura. Wannan ne sirrin adashi: zubi yana fita tun kafin hannu ya saba da kuɗin, kunyar uwar adashi kuma tana yin aikin da niyya kaɗai ba ta iyawa. Maƙwabtanmu na Nijar sun ƙara wa dabarar gishiri. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, inda mata ke zubi mako-mako a akwati, su ranta wa junansu jari, su keɓe wani ɗan asusu na daban don ciwo da rasuwa, a ƙarshen zango su raba abin da ya taru. Daga Maraɗi tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama. Abin lura a cikinsa shi ne kowace mace ta san kasonta, shi ya sa take zubawa da zuciya ɗaya.

A kan kuɗin kashewa kuwa, ɗaya ɓangaren ne ya fi gaskiya. Ko kaɗan ne, ya kamata mace ta san abin da take samu a mako ko a wata wanda ba za a tambaye ta ba, kuma ya kamata maigida ya yanka wa kansa nasa a fili yadda ya yanka mata. Tattalin da ya tsaya a ƙofar ɗakin mace ya ƙyale aljihun namiji ba zai ɗore ba, domin wadda ake matsa wa tana gani. Ina kuma ganin laifi ne babba mutum ya sa iyalinsa su ɗaure ciki da sunan gini ko taki, sannan ya karkatar da kuɗin zuwa lefe. Ƙarin aure halal ne, amma da abin da ya tara daga nasa, ba da haƙurin da ya karɓa da wani alkawari ba. In mace ta sa kuɗinta a fili ko a sa ko a babur ɗin haya, a rubuta kasonta a takarda gaban shaidu tun ana dariya. Masu cewa rubutu tsakanin miji da mata rashin yarda ne su tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Akwai inda hujjojin suka yi kunnen doki, kuma a nan kowane gida sai ya auna da kansa. Gudummawar biki nawa ce ajiya, daga ina kuma ta koma gasa? Matar da ke da sana'a mai ƙarfi, ko malamar makaranta mai albashinta, shin a ba ta kuɗin kashewa daidai da abokiyar zamanta da ba ta da ko sisi, ko a duba buƙatar kowacce? In aka daidaita, maras sana'a za ta ce an bar ta a baya. In aka bambanta, mai sana'a za ta ce ana hukunta ta don ta tashi ta nema. Ga kuma gidan ɗan ci-rani, inda shi ke nemowa amma ita ke riƙe da kuɗin wata shida, ita ta san farashin kwanon gero na yau, shi kuma yana lissafi da farashin da ya bari. Ya dawo da damina yana sa ran tarar da kuɗin taki, ta nuna masa yaran da ta ciyar da asibitin da ta je. Wanda ya saurari kowannensu shi kaɗai zai ba shi gaskiya, kuma a irin wannan gida ba a cika samun mai ha'inci ba, kuɗin ne tun farko ba su kai su yi aikin biyu ba.